Minsharin da ke yankewa: yadda ake zama da na'urar CPAP a Katsina

Minshari iri biyu ne. Akwai wanda ke tafiya bai ɗaya har gari ya waye, illarsa ba ta wuce hana na kusa barci ba. Akwai kuma mai yankewa: mutum yana cikin ja sai ka ji ɗif, ƙirji na ɗagawa yana sauka amma iska ba ta shiga, daƙiƙa 10, 20, wani har ya haura 30, sannan ya fizgo numfashi da gurnani, ya juya ya ci gaba. Wannan na biyun ciwo ne, ɗaukewar numfashi a barci. Idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro da tushen harshe su saki, su faɗa baya su toshe hanya. Oksijin ya ragu a jini, ƙwaƙwalwa ta tayar da mutum na 'yan daƙiƙu don hanya ta buɗe, ya koma barci bai ma san ya farka ba. Wanda abin ya tsananta masa yana iya yin haka sau ɗaruruwa a dare guda.

Shi ya sa mai ciwon ne na ƙarshen sanin yana da shi. Abin da ya sani shi ne yana tashi da ciwon kai da busasshen baki, yana fita fitsari sau 3 ko 4 kafin Asuba, yana gyangyaɗi a huɗubar Juma'a da majalisar bayan La'asar, wani har a kan sitiyari tsakanin Charanchi da Kankiya. Ciwon na tafiya tare da hawan jinin da ba ya jin magani, da ciwon suga, da bugun zuciya marar tsari, da shanyewar ɓarin jiki, da raunin kusantar iyali. Wani ƙiyasi da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet, reshen cututtukan numfashi, a 2019 ya ce kimanin mutum miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ke ɗauke da shi a duniya.

Maganin da ya fi kowanne aiki ga matsakaicin ciwo da mai tsanani shi ne na'urar CPAP, wadda wani likita a Sidni ta Ostareliya, Colin Sullivan, ya fara gwadawa a 1980. Ɗan ƙaramin inji ne da ke zuƙar iskar ɗaki, ya tace ta, ya turo ta cikin tiyo zuwa takunkumin da ke kan hanci. Ba ta yi wa mutum numfashi. Iskar ce kawai ke riƙe maƙogwaro a buɗe, yadda iska ke riƙe tayar keke kada ta kwanta. Tana aiki tun daren farko, ciwon kuma yana dawowa a daren da aka ajiye ta. To a nan gizo ke saƙa: ko a ƙasashen da ba a ɗauke wuta, mutane da yawa na saya su watsar cikin 'yan watanni. A garinmu abubuwa uku ke kai na'ura saman wadrof: takunkumin da bai zauna ba, wuta, da ƙura. Wanda ya shirya wa waɗannan kafin ya zaro kuɗi ya gama rabin aikin.

Kafin ka kashe ko kwabo

Fara da shaida. Ka ba wanda ke kwana kusa da kai waya ya ɗauki sautinka na minti 20 ko 30 idan barci ya yi nisa, in da hali bidiyo, a ga ƙirji. Wani kawuna a Ƙofar Marusa ya daɗe yana musun cewa yana minshari, har ranar da uwargida ta ajiye waya kusa da kofin kokonsa ta kunna.

"Malam, saurari nan. Idan ya yi shiru ka ƙirga da kanka."

Ya ƙirga har ya wuce 20 kafin gurnanin ya dawo. "Hajiya, anya ni ne wannan?"

"To wa ke kwana a turakarka?"

Wannan sautin shi za ka kai wa likita, ya fi dogon bayani.

Akwai tambayoyi 8 da wata likita a Toronto ta Kanada, Frances Chung, ta tsara da abokan aikinta a 2008, kana iya amsa su kana zaune. Kana minshari mai ƙarfi da ake ji ta bayan ƙofa? Kana yini a gajiye ko da barci a ido? An taɓa ganin numfashinka na ɗaukewa? Kana da hawan jini? Ƙibarka ta kai ma'aunin BMI ya haura 35 (za a lissafa maka a asibiti daga nauyi da tsayi)? Ka haura shekara 50? Kaurin wuyanka ya wuce santimita 40, wato kusan inci 16? Wannan telanka ya sani, yana cikin littafin awonsa. Ta ƙarshe, namiji ne kai? Idan "e" ta kai 3 ko 4, a bincika. Idan ta kai 5, kada a ja lokaci. Amma siriri ma na kamuwa, idan haɓarsa ƙarama ce ko hancinsa a toshe yake. Mata kuwa su ake yawan tsallakewa: bayan daina al'ada ciwon na ƙaruwa a cikinsu, sau da yawa da gajiya da ciwon kai da rashin barci yake zuwa, ga shi ba kowane maigida ke zama ya saurari numfashin matarsa ba.

Daga nan sai asibiti. A Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wanda har yau ake ce wa FMC, ko Babban Asibiti, ka nemi a haɗa ka da likitan ƙirji ko na kunne, hanci da maƙogwaro. Abin da ake buƙata shi ne gwajin barci, kuma ba kowane asibiti ke da kayansa ba, don haka ka shirya wa a tura ka Kano, Zariya ko Abuja. Gwajin iri biyu ne: na kwana a asibiti da wayoyi a kai da ƙirji, da na gida, inda za a ba ka ƙaramar na'ura ka ɗaura ɗamara a ƙirji, siririn tiyo a hanci, da maƙalli a yatsa, ka mayar da safe. Sakamakon zai fito da lamba mai suna AHI, wato sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu sosai a kowace awa. Ƙasa da 5 lafiya lau. Daga 5 zuwa 15 ciwo ne mai sauƙi, 15 zuwa 30 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani.

Na san za a ce gwaji kuɗi ne, tafiya kuɗi ce, me zai hana a sayi na'ura kai tsaye. Dalilin shi ne akwai wani nau'in ɗaukewar numfashi da ba toshewa ke kawo shi ba, ƙwaƙwalwa ce ke jinkirin ba da umarni. Ana ganinsa a masu ciwon zuciya, waɗanda suka yi shanyewar jiki, da masu shan tiramol ko kodin. Wannan yana buƙatar wata kulawa dabam, kuma gwaji ne ke raba su.

Abu biyu kuma a kiyaye. Farkawa a shaƙe cikin dare ana yawan ɗora ta a kan dannau ko iska, a yi ta tofi ana barin asibiti. A yi addu'a, a kuma yi gwaji. Na biyu, kada a kai mai minshari wurin wanzami a cire masa beli. Cire shi ba ya magance toshewar, sai dai a jawo zubar jini da ciwon da ba a nema ba. Yaro mai minshari da barci baki buɗe yawanci kumburin naman maƙogwaro ne da na bayan hanci, likitan maƙogwaro ke duba shi, kuma sau da yawa tiyata ce maganinsa ba na'ura ba.

Wace na'ura?

Ƙarfin iska ana auna shi da santimita na ruwa, na'urorin kuma suna bayarwa daga 4 zuwa 20. Akwai mai tsayayyen ƙarfi, wadda likita ke saitawa a lamba ɗaya. Akwai mai sarrafa kanta, da aka rubuta Auto ko APAP a jikinta, wadda ake ba iyaka ta ƙasa da ta sama, ita kuma ta riƙa ƙarawa tana ragewa gwargwadon toshewa. Sai BiPAP mai ƙarfi biyu, ɗaya na shaƙa ɗaya na fitarwa, ta waɗanda ke buƙatar iska mai yawa ko masu ciwon huhu. A ganina, ga wanda likitansa ke Kano ko Abuja, mai sarrafa kanta ta fi, don tana rage zirga-zirgar gyaran saiti. Sai dai kada a bar ta a buɗe daga 4 zuwa 20 yadda ta zo daga kamfani. Lamba 4 ta yi wa yawancin manya kaɗan, mutum zai ji iska ba ta isarsa. Likita ne zai sa iyakar, ba mai shago ba.

A kula da masu sayarwa: injin oksijin da aka yi ta saye lokacin korona ba CPAP ba ne, haka injin turara maganin asma. Ko kusa ba sa aikinta.

Kuɗinta na bin dala. Ta kamfanin ResMed ta fi tsada, na kamfanonin Sin irin su BMC da Yuwell sun fi sauƙi. Kafin ka zaɓa, tambayi mai sayarwa abu ɗaya: wata 6 nan gaba, a ina zan samu filta da robar takunkumin wannan samfurin? Idan ya fara inda-inda, nemi wata.

Ta hannu, wadda ɗan'uwa ya aiko daga Ingila ko Amurka ko aka samu a kayan tokumbo, tana iya yin aiki, amma da sharaɗi. Duba awannin da injin ya yi a cikin saiti, don yawancinsu an yi su ne su yi kamar shekara 5. Kunna ta ka shinshina iskar. Warin taba ko na fumfuna ba ya fita. Takunkumi, tiyo, filta da tankin ruwan da ke ba iskar laima dole sababbi. Sannan a watan Yuni na 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa, ciki har da DreamStation ta farko, saboda soson rage ƙara da ke ciki yana ruɓewa ya shiga hanyar iska, zafi da laima kuma na hanzarta ruɓewar. Idan aka kawo maka irin wannan ba tare da shaidar an gyara ta ba, bar ta, ko kyauta ce.

Takunkumi

Nan ya kamata a fi ɓata lokaci, amma nan aka fi gaggawa. Iri uku ne: mai 'yan robobi biyu da ke zama a bakin ƙofofin hanci, mai rufe hanci kaɗai, da mai rufe hanci da baki. Mai gemu da gashin baki, wanda shi ne yawancinmu, ya fara gwada na ƙofofin hanci, don babban takunkumi kan gashi yake zama, iska ta yi ta tsiyaya ta gefe. Wanda ke barci baki buɗe yana da zaɓi biyu: na hanci haɗe da maɗaurin haɓa, ko babban. Wanda hancinsa ke toshe kullum ya fara gyara hancin wurin likita, in ba haka ba kowane takunkumi zai zama azaba.

Girma ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, matsakaicin wannan ba shi ne matsakaicin wancan ba. Gwada shi a kwance, na'ura a kunne, don fuska na sauya siffa idan an kwanta. Ɗora robar a fuska tukuna, sannan ka ja maɗauri ta baya, ka daidaita hagu da dama daidai wa daida. Ya zamana yatsa na shiga ƙarƙashin maɗauri ba wahala. Idan ka ji iska na hura maka ido, kada ka ƙara ɗaurewa. Ɗaga robar kaɗan daga fuska ka sake ajiye ta, ta cika da iska ta zauna da kanta. Yawan matsewa na lanƙwasa robar, tsiyaya ta ƙaru, a wayi gari da gyambo a karan hanci.

Za ka ga ƙananan huji a gaban takunkumi iska na fita ta ciki. Ba lalacewa ba ce, ta nan numfashin da ka fitar ke ficewa. Kada a liƙe su da salatif. Wanda kuma aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya, ko matarsa ke da ita, ya guji takunkumi mai maɗaurin maganaɗisu.

A wanke fuska kafin kwanciya, a bar basilin da man kaɗanya da duk wani mai a inda roba ke zama. Mai na sa ta zamewa, yana kuma cinye ta. Da hunturu a shafa da safe.

Wuta

Wanda ya dogara da KEDCO kaɗai, rabin dare zai riƙa samun magani. Idan aka ɗauke wuta kana sanye da takunkumi ba za ka shaƙe ba, akwai hujin iska, babban takunkumi kuma na da ƙofar da ke buɗewa da kanta. Za ka dai farka ka cire. Amma sauran daren ya tafi a banza, kuma barcin gab da Asuba shi ne wanda toshewa ta fi tsananta a cikinsa.

Abin daɗin shi ne injin kansa ba ya cin wuta. Idan an kashe ɗumama ruwa, yawanci wat 10 zuwa 20 yake ja, wato awa 8 ba za ta wuce awon wat 160 ba. Abin da ke shan wuta shi ne farantin da ke ɗumama ruwa da tiyo mai zafi, waɗanda ke iya ninka cin sau 3 ko 4. Yi lissafi da batirin sola mai bolt 12 da amfiya 100: yana ɗauke da awon wat 1,200, idan na ruwa ne rabi ake ci don ya yi ƙarko, saura 600. Wannan zai kai ka dare 3 ba ɗumama, ko dare guda da ɗumama. Ƙaramin akwatin batir na litiyom mai awon wat 300, irin wanda ake cajawa da rana, yana kai dare guda cikin sauƙi idan ɗumama a kashe take.

Idan gidanka da inbata, tabbatar mai tsaftatacciyar wuta ce, wadda aka rubuta Pure Sine Wave a jikinta, ka kuma ja wa na'urar layin da firji da fanka ba za su shanye batir kafin ƙarfe 3 ba. Wanda zai haɗa kai tsaye da batir ya sayi wayar da kamfanin ya yi don haka. ResMed AirSense 10, misali, bolt 24 take ci, ba a ba mai gyaran rediyo ya yanke waya ya liƙa mata batirin mota. Adaftan na karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, don haka raunin wuta bai cika damunta ba. Wutar da ake dawowa da ita da ƙarfi ce ke ƙona ta, sai a sa mata abin kariya irin na firji.

Janareta kuwa a nesa da taga. Na'urar duk abin da ke cikin iskar ɗaki take turo maka cikin huhu, filta kuma ƙura kaɗai take tarewa, ba ta tare hayaƙi. Wannan ya haɗa da igiyar leƙo, fiya-fiya, da turaren wuta. A yi turare da wuri, a buɗe taga ya fita, a yi maganin sauro da gidan sauro. Na'ura a waje, tiyo ya shigo ta ƙarƙashin gidan sauron a cusa gefensa a katifa.

Makon farko

Ajiye ta a kan ƙaramin teburi ko kujera 'yar tsugunno, ƙasa da kai kaɗan, nesa da labule da bango don ta samu iska. Mai kwana a katifar ƙasa ya ɗora ta kan faranti ko katako, kada ta zauna kan kafet.

Kada daren farko ya zama karon farko da za ka sa takunkumi. Da rana, kana zaune kana sauraren rediyo, sa shi ba tiyo na minti 10. Sannan haɗa tiyo ka kunna, baki a rufe, ka yi numfashi yadda ka saba. Za ka ji fitar da numfashi na da nauyi, idan ka buɗe baki iska ta fito da ƙara, magana ta gagara. Duk daidai ne. Yi haka kwana 2 ko 3, ka gwada a barcin rana, sannan ka shiga dare.

Maɓallai biyu za su taimake ka. Wanda aka rubuta Ramp yana fara iska a hankali ya riƙa ƙarawa cikin minti 5 zuwa 45, har barci ya ɗauke ka. Ɗayan yana sassauta iska lokacin fitar da numfashi; a ResMed sunansa EPR, daga 1 zuwa 3. Waɗannan kana iya taɓawa. Lambar ƙarfin iska kuwa ta likita ce.

Za ka farka ka tarar ka cire takunkumi cikin barci. Mayar da shi, kada ka ce sai gobe. Idan ka tashi fitsari, kashe na'ura ka zare tiyo ka bar takunkumin a fuska, ya fi sauƙin komawa. Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi shi ne aƙalla awa 4 a dare, a kashi 70 cikin 100 na darare, amma wannan mafi ƙaranci ne. Abin nema shi ne duk lokacin da ido ya rufe. Wasu tun safiyar farko suke jin kansu wasai, wasu sai bayan mako 2 zuwa 4. Yadda aka yi makon farko yawanci haka ake ɗorewa, don haka duk abin da ya dame ka a kwanakin nan ka kira wanda ya saita maka, kada ka yi ta haƙuri har ka gaji. Direba kuma kada ya koma doguwar hanya sai gyangyaɗin rana ya tafi.

Ƙura, ruwa da wanki

Littafin na'ura zai ce a canja filta duk wata ko fiye. Wanda ya rubuta bai ga hazon Janairu a Katsina ba. Buɗe murfin gefe bayan mako guda na hunturu: farar audugar ta koma ruwan ƙasa, idan ka ɗaga ta a hasken taga ba ka ganin komai ta cikinta, ka taɓa ta yatsa ya fito da gari. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu duba ta duk Juma'a, ka sayi dozin ka ajiye tun kafin sanyi ya shigo. Farar ta takarda ba a wanke ta, yarwa ake yi. Ta soso ce ake wankewa, ta bushe sarai kafin a mayar. Da safe a lulluɓe na'ura da kyalle mai tsabta, a rataye tiyo, a sa takunkumi a jaka saboda kyankyaso da tururuwa.

Ruwan tanki shi ke hana hanci da maƙogwaro bushewa, kuma da hunturu ba a iya yi ba shi. Wanda ya dace shi ne tataccen ruwan da aka turara, ana samu a manyan kantunan magani. Ruwan batir na bakin hanya kada ya kusanci tankin, ba ka san abin da ke cikin jarkar ba. Idan babu, ruwan gora ko wanda aka tafasa ya huce zai yi, sai dai zai bar farin gishiri a gindin tanki, na burtsatse ya fi kowanne. Jiƙa tankin da ruwan kal kashi 1 a ruwa kashi 10 na rabin awa, a ɗauraye. Zubar da ragowar ruwa kowace safiya. Ba a zuba turare, man zafi ko wani magani a ciki. Idan batir bai isa ɗumama ba, zuba ruwan ka bar farantin a kashe, iska za ta ɗebi ɗan laima a hanya. Idan kuma sanyi ya sa ruwa na taruwa a tiyo yana ƙara, rage ɗumama ka tura tiyon cikin bargo.

Robar takunkumi a wanke ta kullum da ruwan ɗumi da sabulu marar turare, irin na jarirai. Tiyo, maɗauri da tanki sau ɗaya a mako. A shanya a inuwa, rana na busar da roba ta tsage. Ban da Dettol, Hypo da sifirit. Roba na yin wata 1 zuwa 3 kafin ta saki. Alamarta ita ce kullum sai ka ƙara matse maɗauri.

Da bazara kuma, yawancin na'urorin an yi su ne su yi aiki a zafin da bai wuce digiri 35 ba, ɗakin kwano a watan Afrilu kuwa yana haura haka. Ajiye ta inda fanka ke kaiwa. Idan an koma kwana a tsakar gida, ta bi ka da batirinta. Kada a bar ta a but ɗin mota da rana.

Abin da allon ke faɗa da safe

Lambobi uku za ka duba: awannin amfani, tsiyayar iska, da AHI. Ana son AHI ta sauka ƙasa da 5. A ResMed, tsiyayar da ta wuce lita 24 a minti ta yi yawa, kuma idan tsiyaya ta yi yawa sauran lambobin ba abin yarda ba ne, don haka ita ake fara gyarawa. Dare ɗaya marar kyau ba komai ba ne, mako guda ake kallo. Akwai ɗan katin ajiya a gefen na'ura, shi za ka kai wa likita bayan wata guda, ko ka ɗauki hoton allon ka tura masa ta WhatsApp.

Bushewar baki da safe na nufin baki na buɗewa: maɗaurin haɓa ko babban takunkumi. Toshewar hanci: ƙara laima, wanke hanci da ruwan gishiri na kantin magani, kuma kada a wuce kwana 3 zuwa 5 ana ɗiga maganin buɗe hanci, don daga baya shi ke ƙara toshe shi. Kumburin ciki da gyatsa na nufin kana haɗiyar iska: ɗaga kai da matashi, ka gaya wa likita ya duba ƙarfin. Ciwon ƙirji mai tsanani, ciwon kunne, ko amai, a dakata a ga likita. Baliyam da sauran magungunan sa barci, kodin da giya duk suna ƙara sakin maƙogwaro. Idan likita ne ya rubuta maka wani, ya san kana da wannan ciwo.

Azumi, rabon kwana da tafiya

Da azumi barci na rarrabuwa: kaɗan bayan Tarawihi, kaɗan bayan Asuba, kaɗan da rana, a goman ƙarshe ga Tahajjud. Kowane guntu a sa takunkumi, musamman na bayan Asuba da aka fi kasala a kansa. Cika ciki da sahur a kwanta nan take na ƙara kumburin ciki, a ɗan jinkirta.

Mai mata fiye da ɗaya, idan turaka gare shi, shi ke nan. Idan shi ke zagayawa, ko gidajen ma ba unguwa ɗaya ba, na'ura ta bi shi a jakarta, kowane ɗaki da soket kusa da gado da abin ɗora ta. Wanda ya bar ta a ɗaki ɗaya ya raba maganinsa biyu. Kowace a nuna mata yadda ake kunnawa da kashewa, da cewa iskar da ke fita ta huji ba matsala ba ce. Kunyar sa takunkumi gaban iyali ba ta wuce kwana biyu, musamman idan ita ma ta fara samun barci.

Kafin kowace tafiya a zubar da ruwan tanki, don ruwa na gangarawa cikin inji ya kashe shi. Maniyyaci ya riƙe ta a jakar hannu, kada ta shiga awon kaya, da takardar likita a ciki. Soket ɗin Saudiyya yawanci irin namu ne mai baki uku, wutarsu kuma adaftan na karɓa. A tanti a Mina soket na da masu nema da yawa, sai a tafi da doguwar waya da ƙarin filta.

Duk wanda za a yi wa tiyata ya gaya wa mai ba da maganin barci yana da wannan ciwo, ya kuma je asibiti da na'urarsa.

Kwanciya a gefe maimakon rigingine na rage toshewa ga mutane da yawa, kuma ta dama dai ita aka koya mana tun muna yara. Rage ƙiba ma na aiki: wani dogon bincike a jihar Wiskonsin ta Amurka da aka buga a 2000 ya gano cewa raguwar nauyi da kashi 10 cikin 100 na tafiya da raguwar AHI da kusan kashi 26, ƙaruwarsa da kashi 10 kuma na ɗaga ta da kusan kashi 32. Idan nauyinka ya sauya da kamar haka, sama ko ƙasa, ƙarfin iskar da aka saita maka a da bai zama lallai ya dace ba. Koma a sake dubawa, kuma ko ka rame kada ka ajiye na'ura sai sabon gwajin barci ya nuna ba ka buƙatarta. Mai shan maganin hawan jini ya riƙa awo a kai a kai a watannin farko, ya kai wa likita lambobin, shi zai ce a rage ƙwaya ko a bar ta yadda take.